Huji na Uku a Maɗaurin Agogon Mahaifinka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga babban ɗana, mazaunin Abuja. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, ina sanar da kai cewa wannan takarda daga mahaifiyarka take, daga gidanmu na Jega Magaji. Na san za ka yi mamakin ganinta a nan, a bainar jama'a. Ni ma ban so haka ba. Amma shekaranjiya ka sa hotunan agogo biyu a shafinka, ka ce duk mai bin ka ya taya ka zaɓen wanda za ka saya. Ƙanwarka Rabi ta buɗe mini shafi tun bara, kuma ina cikin masu bin ka, ko da yake ban taɓa cewa uffan ba. Tunda ka tambayi kowa, ka tambaye ni. Ga amsata. Waɗanda za su karanta tare da kai su yi haƙuri da tsawonta.

Na sa tabarau na dube su da kyau. Na farkon farin ƙarfe ne tun daga kai har maɗauri, fuskarsa shuɗiya. Ka rubuta cewa ko an nutse da shi ƙarƙashin teku ba zai sha ruwa ba. Ban san ranar da ka koyi iyo ba. Yaron da na sani, ko bakin gulbin Jega ba ya zuwa sai an riƙe masa hannu. Na biyun na zinariya ne, maɗaurinsa fatar kada, yana nuna tsayuwar wata, bayansa gilashi har ana ganin hanjinsa yana motsi. Ka kuma nuna akwatinka mai gurbi goma sha biyu. Sha ɗaya sun cika, saura ɗaya. Ka ce wannan na ƙarshen shi ya hana ka sukuni, don ba ka son ka cike gurbin da abin da za ka yi da-na-sani a kansa.

Bari in fara da mai sauƙin. Zinariya ba ta halatta ga namiji ba. Ka san wannan tun kana makarantar allo a Maiyama, ba sai mutane sun cika ƙarƙashin hotonka da gardama ba. Wancan da ya rubuta maka cewa ai zamani ya canza, ka tambaye shi ko shi zai tsaya maka ranar hisabi. Kuma hannu biyu Allah ya ba ka, ɗaya ake ɗaura wa agogo. Abin da mutum ɗaya zai yi da goma sha biyu, karatuna na sakandare bai kai in gane shi ba.

Ban zo in ce ka hana mu komai ba. Kada wani ya karanta wannan ya tafi yana zagin ka da rowa, zai ɗauki alhakinka. Gadon asibitin da mahaifinka yake kwance a kai, kai ka aiko shi. Keken guragu, kai ka aiko. Magani bai taɓa yankewa ba, buhun shinkafa bai taɓa kaiwa ƙasa ba. Duk abin da mota za ta iya ɗaukowa daga Abuja ka aiko mana shi. Abu ɗaya ne motar ba ta kawo ba, yau wata goma sha huɗu.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci kana kira. Ka tambayi jikin Baba, in ce da sauƙi. Ka ce Allah ya ƙara sauƙi, in ce amin, in miƙa wa Rabi wayar. Ita ma ta ce da sauƙi, don ni na hana ta faɗin wani abu daban.

Babu sauƙi. Wata biyar ke nan da likita a Birnin Kebbi ya kira ni gefe, ya ce ciwon hantar ya wuce inda hannunsu yake kaiwa, mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Mahaifinka ba ya iya tashi zaune. Kunu cokali huɗu yake sha, na biyar ya dawo. Ka rubuta cewa akwatinka da kansa yake jujjuya agogunan da lantarki don kada su tsaya. Mu a nan, ni da Rabi muke jujjuya mahaifinka, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama, don kada bayansa ya yi gyambo. Da ɗin sai mun kira maƙwabci ya kama mana. Yanzu ni kaɗai ina iyawa.

Za ka ce don me ban faɗa maka ba. Kana da gaskiyar tambaya, kuma laifin nan ba zan ɗora maka shi duka ba.

Kai ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa furta shi ba, ga shi kuma sunan kakanka ne, mahaifin mijina. Da aka yaye ka, mahaifiyata, Kaka, ta ɗauke ka zuwa Maiyama, ban yi kuka a gaban kowa ba. In na je ganin gida, ka rugo ka kama zanena, sai in janye in ce a zo a ɗauke yaron nan. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka koya mini, kuma har yau ban ce koyarwar banza ce ba. Kunya ado ce. Amma ita ce ta sa bakina ya kasa ce maka ka zo. Uwa ta kira ɗan farinta ta ce tana son ganinsa? Sai in ji kamar na fita tsakar kasuwar Jega ba mayafi.

Mahaifinka ya fi ni. Sau uku ina ce masa a sanar da kai gaskiya, sau uku yana juya fuska bango. Maganarsa ɗaya ce: "Bar shi, shina da aiki." Amma kullum in la'asar ta yi sanyi, lokacin da motocin da suka taso daga Abuja suke fara shigowa ta hanyar Maiyama, sai ya ce a buɗe masa taga. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya dubi agogonsa. Ya ce, "Ƙarhe nawa? Motocin kudu sun hwara isowa?" Shekara talatin da wani abu yana jan babbar mota, yana kai albasar Aliero can kurmi, ƙasar kudu, don haka Rabi ta ɗauka kewar tasha ce take damunsa. Ni na san wanda yake jira. Bai taɓa tambayar motar Sakkwato ba, bai taɓa tambayar ta Argungu ba.

Mu mun yi shiru saboda kunya. Kai kuma ka karɓi "da sauƙi" don ta yi maka daɗi. Kai Bahaushe ne, ka san ko mutum yana gargara haka ake cewa. Mai son sanin jikin ubansa zuwa yake ya gani da idonsa. Zumunta a ƙafa take. Wannan rabon laifin naka ne, ka ɗauke shi.

Akwai abin da ban tsammanin kana tunawa da shi daidai. Kana shekara tara ka faɗo daga bishiyar mangwaro a gonar Kaka ta Kuberi, wuyan hannunka na hagu ya karye. Mahaifinka ya riga ya yi lodi, an ɗaure tamfol, zai kama hanya. Da saƙo ya iske shi, sai ya miƙa wa wani direban makulli, abin da bai taɓa yi ba, ya je ya ɗauko ka zuwa wurin mai ɗori a Aliero. Da aka zo jan ƙashin, bai shiga ba. Ƙanensa ya tura ya riƙe ka. Kai ka ɗauka bai damu ba, na sani, don ka taɓa faɗa wa Rabi haka. Ina wurin. Ina bayan danga na cusa mayafi a baki. Shi yana tsaye a ƙofar zaure ya kafa wa agogonsa ido, duk ihun da ka yi sai kafaɗarsa ta girgiza. Da muka dawo gida ya ce mini, "Minti goma sha ɗaya yaron ga ya yi shina kuka." Ko tuwo bai ci ba ranar.

Wannan hannun ne nake gani a hotunanka, kowane mako da sabon agogo a kai. In na buɗe hoton da yatsa, ina ganin ɗan tudun da ɗorin ya bari.

Agogon da ya duba ranar, shi ne a hannunsa har yanzu. Ka san shi. Gilashinsa ya yi hazo, lambar bakwai ta goge, kuma sai an murɗa masa kai kowace safiya yake tafiya. Shekara da shekaru, da ya sallame sallar asuba murɗa shi ne aikinsa na farko. 'Yan tasha har tsokanarsa suke, suna cewa ladan ma wurinsa yake tambayar lokaci. Yanzu yatsunsa ba su iya kama kan, ni nake murɗawa. Ya hana a cire masa shi, sai in za a yi masa alwala.

Bayan ƙaramar salla agogon ya fara zamewa daga wuyan hannunsa, ko an ɗaure shi a hujin ƙarshe. Na ɗauko basillar da yake ɗinke bakin buhu da ita, na sa a wuta, na huda masa sabon huji. Bayan babbar salla ya sake zamewa, na huda na biyu. Ranar Talatar nan, ya ɗaga hannu zai duba lokacin motoci, agogon ya sulale har gwiwar hannu. Na huda na uku. Da na gama, na ɗauki waya in huta, sai na ga hotunanka, kana tambaya ko maɗaurin ƙarfe ya fi na fatar kada zama a hannu.

Hujin nan na uku ya kai jikin agogon. Babu sauran fatar da za a huda na huɗu.

Da nake mayar masa da shi, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, bai dube ni ba, "In ta Allah ta kasance, a ba wancan." Ka san wane ne wancan. Duk gidan nan mutum ɗaya ne ba shi da suna a bakinmu.

Saboda haka ga amsar tambayarka. Kada ka sayi na zinariyar, na gaya maka dalili. Na ƙarfen kuwa, in ranka yana so, ba zai ruɓe ba, zai jira ka a kanti har baɗi. Gurbin nan na sha biyu da yake hana ka sukuni, an riga an yi masa agogo. Ba ya shiga teku, ba ya nuna wata, kuma in ka sa hotonsa mabiyanka za su yi dariya. Naka ne, ko ka so ko ka ƙi. Zaɓin da ya rage maka shi ne yadda za ka karɓe shi.

Ko ka zo yanzu ka durƙusa gaban gadon, ya miƙo maka hannu ka kwance shi da kanka, yana kallon ka. Ko kuwa masu wanka su kwance. Na ga yadda ake yi, na yi wa mata da yawa sutura a unguwar nan. Abin da ake fara yi shi ne a cire duk abin da yake jikin mutum, zobe, awarwaro, agogo, a zuba a faranti a miƙo waje. Kuma ka san garinmu, ba a ajiye gawa don jiran ɗan da yake kan hanya. In ya cika da safe, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Ko jirgi ka hau zuwa Birnin Kebbi, tabarmar gaisuwa za ka iske, wani ya miƙo maka agogon a ƙulle cikin hankici. Ba na yi maka baki. Ina gaya maka abin da idona yake gani ne. Rai na Allah ne, yana iya tashin mahaifinka ya ɗauke ni kafin shi. Amma ni nake riƙe hannun nan kullum, na san abin da ya rage a cikinsa.

Kada ka aiko kuɗi a kan wannan takarda. Kada ka aiko likita, kada ka aiko direba da kaya. Kada ka kira ni ka yi kuka a waya, ba zan ɗauka ba. Ka taso da sassafe ka biyo ta Yawuri da Koko, in ka wuce Maiyama ka yi wa marigayiya Kaka addu'a daga cikin mota, ka iso kafin magariba. Zan buɗe tagar. In ka shigo zai ɓata rai, zai ce wa ya ce ka baro aikinka. Kada ka amsa masa. Ka zauna kawai inda zai iya ganin ka ba sai ya juya wuya ba.

Ni ma kada ka sa ran zan tare ka a zaure. Wataƙila in shige madafa in ce Rabi ta kai maka ruwa. Tsohuwa ba ta sake hali a kwana ɗaya. Amma fura za ka samu a dame, da nono mai tsami yadda kake so, ba sukari. Ban taɓa tambayar ka ba, wurin Kaka na ji, kuma ban manta ba.

Gobe mata za su yi ta magana a gidan suna, su ce Inna ta zubar da kunya a waya, duniya tana gani. Su faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya Allah, ka sassauta wa bawanka da yake kwance, ka sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ka yafe mini shirun da na yi. Ka tsare yaron nan a hanya, ka kare shi daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ka haɗa fuskarsa da ta ubansa tun ana gane juna. Ka sa mu cika da imani. Amin.

Shekara arba'in da ɗaya bakina bai faɗi sunanka ba, yau ga shi na rubuta.

Usmanu, ka zo gida.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarka,
Inna, Jega Magaji.