Hannun Baba Yana Rawa

Litinin, 5 ga Mayu

Kwana goma sha ɗaya da kawo jariri gida, kwana goma sha biyu da fitar da ni daga ɗakina. Wai nawa ya fi iska. Shekara tara ina kwana a ciki, ba wanda ya lura da iskar sai yanzu. An mai da ni ɗan ɗakin da ke jikin kicin, ni da tsintsiya da keken ɗinkin matata marigayiya. Ɗana Akawu ya ce na ɗan lokaci ne. Haka aka gaya wa jaki ranar da aka fara ɗora masa kaya.

Littafin nan ma shi ya ba ni, ragowar na ofis ɗinsu, wai in riƙa rubuta lokacin shan magani. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin kwalaye na koyi baƙaƙe. Amma abin da zan rubuta ni zan zaɓa.

Laraba, 7 ga Mayu

Har yau ban ɗauki yaron ba. Maƙwabciya ta ɗauka. Ƙawayen uwar sun ɗauka, har da wata mai farata kamar shaho. Ni sai a karkato min shi daga nesa a ce ga kakanka.

Yau na ji dalili. Ina bayan ƙofar kicin, surukata na ce wa Akawu ƙasa-ƙasa, “Hannun Baba yana rawa, tsoro nake ji.” Shi kuma ya ce to. To kawai.

Shekara talatin da ɗaya hannun nan yana juya askirim a shago. Da shi aka sayi takalman da Akawu ya je makaranta. Yana rawa, ban musa ba, shayi ma sai na cika rabin kofi. To sai me? Ba zan roƙa ba. Na raɗa wa yaron suna Sabon Maigida, tunda ɗaki nasa, mutanen gida nasa.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na kira 'yata Auta na ce ta zo ta ɗauke ni in koma gidanta. Ta ce Baba ka cika zuciya. Na ce gado kika yi. Mijinta zai zo da mota ranar 24.

Asabar, 10 ga Mayu

Zafi kamar a bakin murhu. Surukata ba ta cin abinci, yadda aka kai faranti haka yake dawowa, ta nan ƙofata yake wucewa shi ya sa na sani. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Yaron kuma kuka yake, nono bai ishe shi ba. Na ji tana cewa abu mai sanyi kaɗai ranta ke so, na kanti kuma warin roba yake mata.

Sai Akawu ya duba waya, ya kaɗa madara da sukari a roba ya jefa a firiza. Da la'asar abu ya fito dutse, har cokali ya lanƙwashe. Uban da ya yi wannan sana'a tun kafin a haife shi yana zaune taku huɗu da shi. Na yi gyaran murya sau biyu. Ya waiwayo ya ce ko ya kawo min ruwa.

Talata, 13 ga Mayu

Ya sake gwadawa. Wannan karon yashi-yashi. Abin da ba a juya ba ai ƙanƙara ce mai zaƙi, amma ba a tambaye ni ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na ga bokitina. Bokitin katakon da na baro shago da shi, yana baranda an shuka masa fure. Fure! Na juye ƙasar da furen a tsohuwar roba, na wanke shi, na cika shi da ruwa don katakon ya kumbura ya haɗe. Gwangwanin ciki da muciyarsa da mariƙin juyawa kuwa suna cikin kwali ƙarƙashin keken ɗinki, a naɗe da zanen marigayiya. Ita ta adana su. Ban san ta yi ba. Na ɗan jima zaune da zanen a hannu.

Ba don kowa nake yi ba. Kada dai katako ya tsage a banza.

Asabar, 17 ga Mayu

Da safe na sayo ƙanƙara a bakin titi, na sa a buhu na farfasa da guduma. Na dafa madara da gwaiduwar ƙwai da sukari da ɗan ɓawon lemo a ƙaramar wuta, sai da ta kama bayan cokali, na bar ta ta huce. Gwangwani a tsakiyar bokiti, ƙanƙara awo uku, gishiri awo ɗaya, haka har sama. Gishirin ne ke sa ƙanƙara ta yi fushi ta ƙara sanyi. Wannan ba ya cikin wayar Akawu, ko yana ciki bai karanta ba.

Akwai huda a jikin bokitin, ƙasa da marfin gwangwani da yatsa biyu, ta nan ruwan gishiri ke fita. Surukata ta goge kicin da safe, sai ƙyalli yake. Na ce ba za a ce Baba ya jiƙa wa mutane ƙasa ba, a ƙara a kan rawar hannu. Na toshe hudar da tsumma.

Minti arba'in ina juyawa. Abin mamaki, in na kama mariƙin nan hannun ba ya rawa. Ban ɗanɗana ba. Likita ya hana ni sukari, kuma ni dama da nauyin mariƙi nake gane ya yi, ɗanɗano na 'yan koyo ne.

Na zuba mata kwano guda, na ajiye a bakin ƙofarta na ce ga wannan in ana so. Ta fito falo ta zauna ta shanye tas, har tana kankare kwano. Ta ce sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Akawu ya yi cokali ɗaya ya ajiye, ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi, ya ce ai shi a ƙoshe yake. Na ce a raina baƙin ciki ne.

Ina wanke muciya na manta na kai yatsa baki.

Gishiri. Kamar na lashi gumi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ban fito ba sai alwala.

Da na toshe hudar, ruwan gishirin ya taru ya hau marfi ya shiga ciki. A kan irin wannan tsumman na taɓa korar ma'aikaci a shago, mutum mai 'ya'ya huɗu, yana ba ni haƙuri ina nuna masa ƙofa. Yau ya faɗo min a rai, har da hular da yake sawa.

Kwano guda ta shanye. Me ya sa? In tausayi ne, gara ta zage ni.

Litinin, 19 ga Mayu

Bayan Akawu ya tafi aiki ta ƙwanƙwasa. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta durƙusa. Ta ce tun ranar Asabar cikinta ya buɗe, jiya har ƙarin abinci ta yi. Na ce da gishiri a ciki. Ta ce, “Na ji, Baba.” Na ce to me ya hana ki tofarwa. Ta ce minti arba'in tana jin ƙarar bokitin daga ɗaki, ta san abin da ya ci. Wai kuma ƙarar ce ta sa yaron barci, rabon da ya yi irinsa da rana tun a asibiti.

Ta ce in koya mata. Na ce kafaɗata ta yi tsami, kuma wannan ba aikin masu waya ba ne. Ta ce to za ta sayo ƙanƙara jibi. Ban ce e ba. Ban dai ce a'a ba.

Laraba, 21 ga Mayu

A baranda muka yi, huda a buɗe, ruwa na zuba son ransa. Tana tsaye da Sabon Maigida a kafaɗa tana tambaya, me ya sa kaza, me ya sa kaza. Kanta yana ja, na ba ta wannan.

Wajen minti ashirin da biyar abu ya fara nauyi, kafaɗata ta ce ba ta san zance ba. Nan ne kuma ba a tsayawa. In ka tsaya, madarar ta daskare a jikin gwangwani, muciya ta kafe, aiki ya lalace. Na canza hannu, na hagu bai kai ko'ina ba. Gidan ba kowa sai mu.

Ta dubi bokiti, ta dubi yaron, ta dubi hannuna. Ta ce in gyara zama in jingina da bango. Ta janyo matashi ta ɗora min a cinya, ta kwantar da shi a kai.

Bakina ya riga ni. Na ce, “Hannuna fa yana rawa.”

Ta sunkuyar da kai. Ta gane na ji. Na zaci za ta ɗauke shi, ko ta hau ba ni haƙuri, wanda ya fi muni. Sai ta kama mariƙi ta fara juyawa, ba ta dube ni ba ta ce, “Nawa ma rawa yake, Baba, tun ranar da aka miƙo min shi.”

Na ce tana sauri da yawa, ba tuƙin keke ba ne.

Yaron bai kai nauyin rabin bulon ƙanƙara ba, sai dai shi ɗumi gare shi. Kunnen marigayiya ya ɗauko, mai ɗan lanƙwasa a sama, ba wanda ya gaya min, wataƙila ba wanda ya sani sai ni. Ya damƙe min babban yatsa. Rawar ba ta daina ba, hannuna na yi nasa na bi. Ya zuba min ido kamar mai shirin tambayata me nake yi a gidansa. Na ce masa ɗakin dai aro na ba ka. Can ya yi hamma ya yi barci.

Askirim ya yi. Ita ta ɗanɗana, ni kuma na lasa kaɗan, likita ba ya nan.

Asabar, 24 ga Mayu

Auta da mijinta sun zo da mota. Na ba su kwano-kwano na ce su koma, sai wani jiƙon. Auta tana dariya wai Baba an huce ke nan. Ban huce ba. Akawu har yau bai ce min komai a kan “to” ɗinsa ba, ina nan ina jira. Kawai dai yarinyar nan ba ta ƙware ba, har yanzu hannunta na gudu, kuma in tana juyawa dole wani ya riƙe mata yaro. Ba a barin aiki rabi.

Ɗakin nan kuma kusa yake da kicin, ba laifi wajen ɗauko gishiri.

Sabon Maigida ya yi min tumbuɗi a kafaɗar riga da hantsi. Sai yanzu na lura ban canza ta ba.