Katangar da Ta Raba Inna da Goggo

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya Inna da ƙafa? Yaya Auta da yaran gida?

Ni lafiya lau nake. Mun yi yawa a ɗaki, wanka ma sai an bi layi, amma jiki ya saba. Tarin ya ɗan lafa, kada a gaya wa Inna.

Na ga hoton da Auta ya turo, wallahi ranar abinci ya gagare ni. Katanga a tsakar gidan Baba! Da ka ce za ka kewaye sashenka ban tanka ba, kowa haka yake yi yanzu, gari ya koma kamar akurkin kaji. Amma har ka toshe ƙofar da ke tsakaninmu da gidan Goggo, don kawai kun yi cacar baki da ɗanta a kan magudanar ruwa? Tir!

Auta ya ce yanzu Inna sai ta zagaya ta bakin titi da sandarta kafin ta ga Goggo, matar da suka tsufa tare. Ranar da ƙafar ta hana, sai su tsaya jikin bulo suna ɗaga murya kamar masu talla. Har Goggo ta ce mata, "Bari wahalar da kanki, ma gaisa a lahira." Kunya ba ta kama ka ba?

Don Allah ka buɗe ƙofar nan. In girman kai ya hana ka, ba Auta guduma, ka ce ni na sa shi. A zage ni, ai ina nesa.

Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Ƙaninka.