Yau Da Ƙafata Na Je Kusugu

Daren Laraba, Daura

Alhamdulillahi! Yau da ƙafata na je Kusugu na dawo, ban nemi wurin zama ba.

Tun da sunana ya fito cikin maniyyatan bana nake cikin zullumi. Matar da ciwon diddige ke hana ta taka ƙasa da asuba, ta yaya za ta yi ɗawafi? Likita a Katsina ya ce tafin ƙafata ne ya baje, sai na sa shimfiɗar takalmi mai tudu a tsakiya, wadda ake aunawa daidai ƙafar mutum. Da mai shago a Kano ya faɗi kuɗinta, sai da na sa ya maimaita. Tunkiyata na sayar na biya.

Yaya Hajara ba ta ɓoye ba: "Tunkiya guda a kan roba, Binta? Ai da auduga kika cusa."

Kwanakin farko ni ma na zaci an cuce ni, ji nake kamar na taka dutse. Na daure ina sawa kaɗan-kaɗan yadda aka ce.

Yau na ce Yaya Hajara ta raka ni rijiyar Kusugu. A hanyar dawowa ina ta zuba surutu, sai na ji shiru. Na waiga, ga Yaya can baya ta dafa bango tana haki.

"Ke, dakata mana! Wa ke korarki?"

Da na koma, ta daɗe tana kallon takalmina, sannan ta ce, "Shagon nan, a wace unguwa kika ce yake?"