Keken Baba da Furar Dalijan

Gwandu, Litinin.

Zuwa ga Yaya Ashiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sadiya da yara. Na ba Garba direba takardar nan ne don ba na iya yin wannan magana a waya. Ka san Baba, ƙafa ce ta yi rauni, kunne yana nan daram.

Ya sake tayar da zancen kekensa na tsere, mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai, wanda ka kai wa Rilwanu mai gyara tun bara. Kullum da safe sai ya tambaya ko an gama. Wai Dalijan zai je wurin yayarsa, Gwaggo Binta. Yaya, gabana faɗuwa yake yi. Tun da likita ya ce kada a tayar masa da hankali saboda hawan jini muka ɓoye masa rasuwarta, ni ce nake sayen fura duk Juma'a in ce ita ta aiko kamar yadda ta saba. In keken nan ya dawo, ba mai iya tare shi, kuma wanda ya fara gamuwa da shi a Dalijan ta'aziyya zai yi masa. Ina tsoron ya faɗi nan take.

Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarka, Ummulkhairi.

Kalgo, Laraba.

Ummu sarkin tsoro,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ke dai tun kina ƙarama inuwarki ma firgita ki take yi.

Rilwanu ya ce keken zai gyaru, sarƙa ce da tayoyi da birki. Ni na hana shi taɓawa. Akwai wani Alhaji daga Birnin Kebbi mai tara tsofaffin kekuna, ya gan shi ya kasa ɗauke ido. Shawarata a sayar masa. Ki ce wa Baba an daina yin kayan gyaran irinsa, sai ya haƙura. A bar kaza cikin gashinta.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Yayanki, Ashiru.

Gwandu, Lahadi.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na faɗa masa yadda ka ce, da ma ban faɗa ba. Ya juya fuska bango, tuwo ma bai taɓa ba. Washegari ina wanki a bayan gida ya ɗauki sandarsa ya fice. Maƙwabcinmu Isa ne ya tsince shi a hanyar Dalijan, zaune gindin darbejiya yana haki, ya ɗauko shi a babur.

Yanzu gaba kura, baya sayaki. In an gyara zai tafi a kan keke, in an sayar zai tafi a ƙafa. Ko banɗaki na shiga sai na kasa kunne ko an taɓa ƙyaure. Don Allah ka dakatar da Alhajin nan tukuna. Kai kana Kalgo kana ba da shawara, ni ce nake kallon idonsa ina yi masa ƙarya.

Ka huta lafiya.

Ummulkhairi.

Gwandu, Juma'a.

Yaya,

Salamu alaikum. Ban jira amsarka ba. Yau na dama masa fura na ce ga saƙon Gwaggo. Ya kurɓa, ya ajiye ludayi, ya ce in zauna.

Ya ce, "Ɗiyata, Binta ba ta taɓa sa citta haka cikin hura ba. Tun ran da kika kawo ta farko na san ba ta duniya. Na yi shiru ne don na ga kuna wahala da ɓoyon."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ashe Gwaggo ce ta sayar da karsanarta ta saya masa keken yana saurayi, lokacin da kowa ke cewa tsere shiririta ce. Ya ce bai sallace ta ba, bai raka ta ba, to aƙalla ya je bakin kabarinta da keken kafin ruwan bana ya shafe shi. Ko bai iya hawa ba zai tura.

Na yi kuka har shi ne ya koma ba ni haƙuri. Na gwada jininsa, yana nan yadda yake.

Ina jiran ka.

Ummulkhairi.

Kalgo, Asabar.

Ummu,

Wa alaikumus salam. Na ba Alhaji haƙuri, ya tafi. Rilwanu ya sa sarƙa, gobe zai ɗaura tayoyi. Na ce kada ya taɓa fentin, kada ya canza sirdin.

Juma'a in Allah ya kai mu zan zo da shi a kan motar Garba. Ki ce wa Baba ya riƙe kan keken, ni zan riƙe baya. Ki ce masa ina neman gafara, sauran zan faɗa da bakina.

Kada ki sayi fura.

Yayanki, Ashiru.