Hasken da na ɗinka a jikin hula

Gwallaga, Bauchi.

Zuwa ga yayana, Hamma Nasiruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Lailatu da yara. Ya ruwan Fatakwal? Allah Ya tsare mana ku, Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Dada, mahaifiyarmu, ƙafar ta yi sauƙi har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, ɗana Usama kuma ya shiga aji uku.

Hamma, don Allah kada ka ajiye aikinka. Na san ni na tayar maka da hankali a waya, ina kuka ina cewa ka dawo in gan ka kafin in makance kamar marigayi Baba. To, ba makancewa zan yi ba. Abin da na jiyo a asibiti kuwa ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna rubutu.

Ka san yadda abin yake zuwar mini. Ina tsaka da ɗinkin hula sai wani ɗigo ya fito a tsakiyar ganina, in nemi bakin allura in rasa. Sai ya buɗe ya zama kamar lauje mai haƙora, yana ƙyalli, yana matsawa gefe a hankali har ya fice, ciwon ɓarin kai ya biyo baya. Babu irin kwallin da Dada ba ta zizara mini ba. Na daina karɓar aiki. Yara na cin abinci ina ƙura musu ido ina haddace fuskokinsu, har A'i ta tambaye ni ko wani laifi ta yi.

Da maigida ya kai ni asibiti, likitar ta ce in kwatanta abin da nake gani, baki ya ƙi. Sai na ciro wata hula daga jaka. Da ma na ɗinka hasken a jikinta da farin zare da baƙi, don in na makance ku ga abin da ya cinye mini ido. Baiwar Allahn nan ta daɗe tana juya hular, sannan ta nuna mini a wayarta zanen da wasu masu irin ciwona suka yi a ƙasashen da ban ma iya faɗin sunansu ba. Iri ɗaya sak da nawa!

Ta auna idanuna ta ce ƙalau suke, na Baba hawan jinin ido ne, ba su haɗa hanya ba. Ta tambaye ni ko ina ganin hasken in na rufe ido, na ce ƙwarai kuwa. Ta ce to ba a ido yake ba, a ƙwaƙwalwa ne, can wajen ƙeya inda ake sarrafa gani. Ka ji fa, ashe duk shekarun nan da ƙeya nake kallonka! Wai wani motsi ne mai kamar lantarki yake tashi, ya bi ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, tafiyar da ko tururuwa ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Na ce mata kamar wutar daji ke nan lokacin muna zaune a ruga, bakin wutar shi ne ƙyallin, tokar da ke baya ita ce duhun. Ta ce haka ne, sai dai wannan ciyawar kafin shinkafa ta dahu ta sake tsirowa. Subhanallah! Wuta ta ratsa kan mutum, ta fita, ba ta ƙona komai ba. Ina cikin keke ina dawowa ina shafa ƙeyata ina hawaye, tsoron Allah da murna sun haɗe mini.

Ta ba ni magani, ta ce in kula da barci da cin abinci a kan lokaci, in kuma abin ya sauya kama, ko hannu ko baki ya yi nauyi, in garzayo. Jiya hasken ya sake zuwa. Ban yi kuka ba, na ajiye allura na zauna ina kallon ikon Allah har ya wuce.

Saboda haka ka zauna ka riƙe aikinka. Hular na ajiye maka ita, sai ka zo Sallah. Amma ka shirya, ƙura wa mutane ido ya riga ya bi jikina, kai ma sai na kalle ka na ƙoshi.

Ka gaida Anti Lailatu da Musaddiq da 'yar lelena Khairat. Dada na sa muku albarka.

Taka ƙanwa,
Hamsatu.