Sammacin da na ɓoye cikin kwalla

Hajja, don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan na kasa zaune na kasa tsaye.

Babana yana da gonar shinkafa a Lagdo, da ita ya ciyar da mu. Hawan jini ya kayar da shi, na dawo da shi gidana a Garwa. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, kuma kin san mu, ba a kai wa majinyaci mummunan labari. Sai ga wisiye, mai raba takardun kotu, yana neman Baba. Na ce yana barci. Ya rubuta sunana da yadda muke da Baba, ya miƙa min takardar sammaci, na sa hannu don dai ya tafi. Faransancina na kasuwa ne, maƙwabciyata Rosine ce ta karanta min. Wai wani Léon ya kai ƙara, ya ce gonar ta mahaifinsa ce, aro aka ba Baba. Na jefa takardar cikin kwalla na rufe. A raina, tunda Baba bai taɓa ta ba, ai ba a kira shi ba. Yanzu saura kwana shida a zauna a kotu. Kullum Baba yana tambayata ko an saki ruwa a gona, sai in kau da kai. Ina tsoron jininsa, ina tsoron gonar.

'Yar Mai Gona, Garwa

'Yata, tausayi ne ya sa ki, amma dabarar ba ta yi ba. Wisiye bai zo ƙwace gona ba. Aikinsa ya tabbatar ba a yi wa mutum shari'a bai sani ba, shi ya sa ya rubuta sunanki. A wurin kotu, saƙo ya isa gida. In ba wanda ya je, ana iya jin bakin Léon kaɗai a yanke hukunci.

Ki kai wa lauya takardar tare da shaidar likita, ya nemi a ɗaga zaman ko ya tsaya wa Baba. Wataƙila Léon ma yana da hujjarsa, alƙali ne zai auna. Amma Baba kaɗai ya san wanda ya ba shi gonar da waɗanda suka shaida. Ki tuntuɓi likita, ki kira amininsa, ku faɗa masa a hankali.

Kina tsoron ya ji an kai shi ƙara. To ki tuna ranar da zai warke, ya ce a kai shi Lagdo, ya tarar da wani yana yankan shinkafarsa. Ki buɗe kwallar nan yau. Allah ya ba shi lafiya.

Hajja