Baba yana kora kafso da fura

Laraba, ƙarfe 9:35 na dare, Ƙofar Gayan. An ɗauke wuta.

Kwana biyar ke nan Baba yana shan kafso ja-da-yalo na kemis, amma gyambon ƙafarsa sai ƙara ruwa yake. Da la'asar na tarar yana kora kafson da fura da nono.

Na ce, "Baba, tetarasaikilin ne. Aikinsa ya shiga ƙwayar cutar ya tsayar da raibosom, injinta na ƙera furotin. Kalsiyam ɗin nono kuwa tun a hanji yake riƙe maganin."

Ya yi dariya. "To, Likita. Shekara huɗu a jami'a, furata kika karanto?"

Inna ta ce daga yau sai da ruwa, amma ba ta kalle ni ba.

Ban sani ba ko nonon ne kaɗai ya hana maganin aiki, don wasu ƙwayoyin cutar suna da furotin a fatarsu mai tunkuɗo magani waje.

Ban san ainihin abin da aka ɗura a kafson ba.

Ban san sukarin jininsa ba, ya ƙi gwaji.

Ban sani ba ko kafin asuba kumburin zai tsallake layin biron da na zana masa a ƙafar yana gyangyaɗi.